Marigayi Alhaji Audu Bako: Malamin Doka da Ya Gina wa Kano Madatsun Ruwa

Duk wanda ya tsaya a bakin madatsar Kusalla da ke Karaye, ko ya ga lambunan albasa da tumatir a ƙauyukan Rogo a tsakiyar rani, ya kamata ya san cewa wannan ni'ima tana da tarihi. A wannan shafi za mu kawo taƙaitaccen tarihin mutumin da ya aza harsashinta, wato gwamnan Jihar Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako.

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi karatu a Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A shekarar 1942 ya shiga aikin ɗan sanda. Sanin da yake da shi a fannin doka ya sa aka ɗora masa koyar da dokokin aikin ɗan sanda a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Daga bisani ya kai muƙamin Mataimakin Kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya sa ya san lardunan Arewa da halin da talakawan karkara ke ciki.

A watan Mayu na shekarar 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, aka naɗa Audu Bako gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jihar Jigawa ta yau. Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a, ga damina gajera, ga koguna da ke cika a watan Agusta su ƙafe kafin bazara. Manomi na aiki wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuma sai cin rani. Marigayin ba injiniya ba ne, amma ya fahimci cewa maganin matsalar shi ne a tare ruwan damina a adana shi, kuma a kafa hukumar da doka ta ɗora wa alhakin aikin.

A shekarar 1969 aka soma gina madatsar Bagauda domin noman rani a Kadawa. Bayanta aka shiga babban aikin madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ita ce ke ciyar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A farkon shekarun 1970 ne kuma yammacin jihar ya sami rabonsa, da aka gina madatsar Kusalla, wadda ta zama tushen ruwan famfo na Karaye da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita. Da fari ya auka wa ƙasashen Sahel tsakanin 1972 da 1974, dabbobi suka mutu, amfanin gona ya lalace, sai kowa ya gane hikimar wannan shiri.

Hukumar WRECA, wadda tushenta ke komawa ga zamaninsa, ta ci gaba da gina madatsu bayan saukarsa. Ita ce ta soma aikin madatsar Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Karaye, kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓa, aka kammala a 1992 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma masunta da manoman Karaye da Rogo na cin moriyarta.

Wajibi ne mu faɗi cewa aikin bai zo kyauta ba. An tashi ƙauyuka, gonakin gado sun nutse, kuma tare ruwa a Tiga da Challawa ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Wannan ne ya sa rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa yake buƙatar doka da adalci.

Audu Bako ya sauka daga mulki a watan Yuli na 1975, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya karɓi ragamar ƙasa. Ya koma noma, ya rasu a shekarar 1980. Sakatariyar jiha da Gidan Zoo na Kano da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk suna ɗauke da sunansa.

Madatsa ba ta kula da kanta. Noma a gindin bangonta, da sare itatuwan gaɓa, da satar bututu, su ne ke cika ta da yashi, su hana famfo kawo ruwa. Don haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da ƙungiyoyin manoma da masunta, da su sa ido, su kai rahoton duk wata ɓarna ga hukuma tun da wuri. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ya bari.