Taƙaitaccen Tarihin Will Keith Kellogg (1860-1951)

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga babban kanti a Amurka zai tarar da sashe guda cike da kwalaye masu launi iri-iri, kowanne ɗauke da busasshen hatsi da ake zuba wa madara a ci da safe. Wani an yi shi da siffar biskit, wani da ɗanɗanon cakulan, wani kuwa kwaikwayo ne na kayan ƙwalamar da manya suka ci tun suna yara, domin a tayar musu da tsohon marmari. Alhali kuwa a ɗakin girkin asibiti aka ƙago wannan abinci, domin masu fama da ciwon ciki. Mutumin da ya fitar da shi daga asibiti ya kai shi kasuwa shi ne Will Keith Kellogg. Wannan maƙala za ta bi tarihinsa, ta nuna abin da ya samu, da kuma abin da ya rasa a sanadin wannan aiki.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Will a ranar 7 ga Afrilu, 1860, a garin Battle Creek na Jihar Michigan a Amurka. Mahaifinsa, John Preston Kellogg, yana da 'yar masana'antar yin tsintsiya, sunan mahaifiyarsa kuwa Ann Janette. Iyalin mabiya ɗarikar Kirista ce da ake kira Seventh-day Adventist, masu tsarkake ranar Asabar. Wannan ɗarika tana hana mabiyanta giya da taba, tana kuma kwaɗaitar da su ga barin nama da shayi da kofi.

Will bai yi nisa a makaranta ba. Malamansa sun ɗauke shi daƙiƙi, ba su sani ba ashe allo ne ba ya iya gani sosai, kuma ba a gane raunin idonsa ba sai da ya girma. Yana da kimanin shekara 14 ya shiga tallar tsintsiyar mahaifinsa gari-gari. A nan ne ya koyi ciniki da lissafi da sanin halin masu saye. A cikin shekara ta 1880 ya yi ɗan gajeren kwas na kasuwanci a Kalamazoo, ya kama aiki a ƙarƙashin wansa, sa'an nan ya yi aure.

A Ƙarƙashin Wansa

Wan nasa, Dokta John Harvey Kellogg, ya girme shi da shekara takwas. Tun 1876 shi ne shugaban asibitin da ɗarikarsu ta kafa a Battle Creek a 1866, wanda ya shahara da sunan Sanitarium. Likita ne mai kaifin basira da iya magana, kuma ya haƙƙaƙe cewa yawancin cututtuka daga ciki suke farawa. A wancan zamani Amurkawa kan karya kumallo da nama da soyayyen dankali da abinci mai maiƙo, don haka ɓacin ciki ya zama ruwan dare. Maganin likitan shi ne hatsi da ganye da motsa jiki.

Will ya shafe fiye da shekara ashirin a wannan asibiti. Shi ne akawu, shi ne mai amsa wasiƙu, shi ne mai aika littattafan likita ga masu saye, shi ne kuma mai sauraron ƙorafin majiyyata. Albashinsa kaɗan ne, hutu kuwa sai nadiran. An ruwaito cewa likitan kan hau keke yana zaga harabar asibiti, ƙanen yana biye da shi a guje yana rubuta umurni. Yabo duk na wan ne, wahala ta ƙane. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda Aka Ƙago Abincin

Tun a 1863 wani likita mai suna James Caleb Jackson ya yi busasshen abincin safe da garin alkama, amma don tsananin taurinsa sai an jiƙa shi ya kwana kafin ya ciwu. Abin da 'yan'uwan nan biyu ke nema shi ne hatsin da aka riga aka dafa, mai sauƙin tauna da narkewa. A cikin 1894 suna gwaji sai aka bar dafaffiyar alkama ta daɗe a ajiye. Da aka zo aka sa ta cikin injin murza, sai kowace ƙwaya ta fito falle guda siriri, domin danshi ya riga ya ratsa ta daidai wa daida. Aka gasa fallayen suka yi garas-garas, majiyyata suka ci suka yaba, har waɗanda aka sallama suka riƙa aiko da wasiƙa a sayar musu.

Masu tarihi sun saɓa a kan rabon kowa a cikin wannan ƙira, domin matar likitan, Ella, ita ma tana cikin masu gwajin. Abin da ya tabbata shi ne takardar mallakar fasahar da gwamnati ta bayar a 1896 sunan likita kaɗai ta ɗauka. Daga baya aka gwada masara, kuma Will ya dage a kanta har ya gane cewa in aka cire dusa aka yi aiki da tsaki zalla, fallayen sun fi daɗi, sun kuma fi jure ajiya.

Rabuwa da Kafa Kamfani

Ana cikin haka wani tsohon majiyyaci na asibitin, C. W. Post, ya kafa nasa kamfani a garin. Ya fitar da Postum a 1895 da Grape-Nuts a 1897, ya yi ta talla a jaridu har ya zama attajiri. Kamfanoni barkatai suka biyo sahunsa. Wannan ya ƙona wa Will rai ƙwarai, ganin baƙi na kwasar ribar guminsa. Shawararsa ita ce a ƙara wa masarar ɗan sukari, a yi talla, a sayar wa lafiyayyu. Likita ya ƙi, domin a wurinsa sukari cuta ne, kuma yana tsoron kada talla ta zubar masa da mutunci a idon 'yan'uwansa likitoci.

A ranar 19 ga Fabrairu, 1906, yana gab da cika shekara 46, Will ya kafa kamfanin Battle Creek Toasted Corn Flake Company. Ya haɗa masararsa da sukari da gishiri da tsiron sha'ir. Domin bambanta kayansa da na masu kwaikwayo, ya sa aka buga sa hannunsa a jikin kowane kwali. Ya raba samfuri kyauta gida-gida, ya sayi shafi a mujallar mata ta Ladies' Home Journal. A ranar 4 ga Yuli, 1907, gobara ta cinye masana'antar ƙurmus, amma nan da nan ya shiga gina wadda ta fi ta. A 1909 kamfanin ya fara ba da kyautar ɗan littafin hotunan dabbobi ga masu saye. Tun daga nan aka gane cewa hanyar shiga aljihun iyaye ta wurin yara take.

Likita kuwa bai zauna ba, shi ma ya shiga sayar da nasa abinci da sunan Kellogg. Wa da ƙane suka yi ta shari'a kimanin shekara goma a kan sunan mahaifinsu, har Kotun Ƙoli ta Michigan ta ba Will gaskiya a 1920. A 1922 aka mai da sunan kamfanin Kellogg Company. Ya fitar da All-Bran a 1916 da Rice Krispies a 1928, ya kuma buɗe masana'anta a Manchester ta Ingila a 1938.

Halayensa da Taimakonsa

Will mutum ne miskili, mai kunya, mai ƙarancin fara'a, kuma mai tsanani ga na ƙasa da shi. Irin matsin da ya sha a hannun wansa bai hana shi matsa wa nasa ba, domin ɗansa da ya yi wa kamfanin aiki tuƙuru ya bar shi a 1925 bayan sun sami saɓani.

Duk da haka hannunsa a buɗe yake. A 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, kamfanin ya mai da aiki kashi huɗu na awa shida-shida a maimakon kashi uku na awa takwas, domin a ɗauki ƙarin ma'aikata. A wannan shekara kuma ya kafa gidauniyar W. K. Kellogg domin lafiyar yara da ilminsu, ya ba ta hannun jari na kimanin dala miliyan 66 a 1934. Ya gina makaranta a Battle Creek da sunan mahaifiyarsa, inda naƙasassun yara ke karatu tare da sauran yara. Gonarsa ta dawakin Larabawa da ke Pomona a Kalifoniya ya bayar da ita ga jami'a a 1932.

Rasuwarsa

Likita ya rasu a ranar 14 ga Disamba, 1943, yana da shekara 91, ba tare da sun shirya ba. Kafin rasuwarsa ya shirya wa ƙanensa wasiƙar neman sulhu, amma sakatariyarsa ta ƙi aikawa, don tana ganin ƙasƙanci ne ga maigidanta. Sai bayan shekaru wasiƙar ta isa hannun Will, a lokacin ya riga ya makance, sai karanta masa aka yi. Shi ma ya rasu yana da shekara 91, a Battle Creek, ranar 6 ga Oktoba, 1951.

Abin da ya Biyo Baya

Sukarin da Will ya sa a masara ɗan kaɗan ne, amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu haihuwa ta yawaita a Amurka, talabijin ta shiga gidaje, kamfanoni suka shiga tseren farauto yara. Kamfanin Post ya fitar da Sugar Crisp a 1949, na Kellogg ya mayar da martani da Sugar Frosted Flakes a 1952 da Froot Loops a 1963. Daga nan aka koma kwaikwayon kayan ƙwalama ƙiri-ƙiri: Cookie Crisp mai siffar ƙananan biskit a 1977, da Reese's Puffs mai ɗanɗanon alewar cakulan da gyaɗa a 1994. A 1939 ma'aikatan Kellogg sun haɗa wata alewa da Rice Krispies, sai ga shi a 1993 an mai da wannan alewa abincin safe. Oreo O's kuwa an daina sayar da shi a Amurka a 2007, aka dawo da shi a 2017, lokacin da yaran da suka ci shi suka zama masu kuɗin saye da kansu.

Kammalawa

Tarihin Will Keith Kellogg ya nuna yadda haƙuri da sanin kasuwa suka ɗaukaka wanda aka raina. Ya rinjayi wansa a kotu da kasuwa, ya kuma kashe mafi yawan dukiyarsa a kan lafiyar yara. Sai dai abin da likita ya ji wa tsoro bai faɗi ƙasa banza ba, domin masana abinci sun daɗe suna kuka da yawan sukarin da ke cikin kwalayen da ake tallata wa yara. Gardamar da ta raba wa da ƙane, watau tsakanin abin da ke da amfani ga jiki da abin da baki ke so, har yanzu ba a kashe ta ba.