Gaston Chevrolet: Zakaran tseren motoci na 1920 da bai ga kambinsa ba

Sunan Chevrolet ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san mota, domin yana manne a jikin miliyoyin motocin Amurka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sunan wasu ƴan ci-rani ne, ƴan'uwa uku da suka bar Faransa suka tafi Amurka neman na kansu. Ƙaraminsu, Gaston, shi ne ya zama zakaran tseren motoci na Amurka a shekarar 1920, kuma ranar da kambin ya tabbata nasa ita ce ranar da ya mutu a filin tsere, yana da shekara 28.

An haifi Gaston a watan Oktoba na 1892 kusa da garin Beaune da ke gabashin Faransa. Iyayensa ƴan ƙasar Suwizalan ne da suka yi ƙaura daga garin La Chaux-de-Fonds, kuma sana'ar mahaifinsa agogo ce. Yayansa Louis, wanda ya girme shi da kusan shekara 14, ya fara da gyaran kekuna, sannan ya koma kan injin mota. A 1900 ya tafi birnin Montreal na Kanada, daga can ya wuce New York, inda ya yi suna a matsayin makanike kuma direban tsere marar tsoro. Daga baya ƙannensa, Arthur da Gaston, suka bi sahunsa.

A watan Nuwamba na 1911 Louis da wani attajiri mai suna William Durant suka kafa kamfanin Chevrolet a birnin Detroit. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Louis yana son a ƙera babbar mota mai ƙarfi, shi kuwa Durant yana son mota mai araha da za ta yi gogayya da ta Ford. Louis ya sayar da hannun jarinsa ya fita, ya bar sunan gidansu a hannun wasu, kuma a 1918 kamfanin ya shige cikin General Motors. Ƴan'uwan suka koma ƙera motocin tsere da sunan Frontenac. A nan ne Gaston ya tashi daga mai riƙe wa yayansa kayan aiki zuwa direba.

Tseren wancan zamani ba irin na yau ba ne. Mafi yawan filayen masu siffar ƙwai ne, motoci na zagaye su sau ɗaruruwa. Filin Indianapolis, mai tsawon kilomita 4, an shimfiɗe shi da jan bulo fiye da miliyan 3. Wasu filayen kuwa da katako zalla aka gina su, aka ɗaga wuraren kwana suka karkata kamar gefen ƙwarya, don mota ta sha kwana ba tare da rage gudu ba. Katakon yakan tsage, tsinkayensa su riƙa tashi suna sukan direbobi a fuska. Motocin ba su da rufi, ba bel na ɗaure jiki, hular direba ta fata ce ko ta yadi. Kowace mota tana ɗauke da mutum biyu: direba da makanike da ke zaune gefensa yana buga famfon mai, yana duba tayoyi, yana waiwaye don sanar da shi wanda ke tafe a baya. Idan hatsari ya zo, tare yake cin su.

Gaston ya shiga babban tseren Indianapolis na mil 500, wato kimanin kilomita 805, a 1919, ya zo na goma. A wannan shekara ya ci wasu tsere a filayen katako, har da na Sheepshead Bay a New York, abin da ya sa aka fara kallonsa da sunan kansa, ba ƙanen Louis kawai ba.

A 1920 ƙungiyar AAA, mai kula da tseren motoci a Amurka, ta dawo da gasar zakaran ƙasa ta hanyar tara maki, wadda aka dakatar bayan 1916 saboda yaƙin duniya na farko. Tsere biyar aka ware don lissafi: biyu a Beverly Hills da ke jihar Kalifoniya, ɗaya a Indianapolis, ɗaya a Tacoma, sai ɗaya a Elgin, wanda shi kaɗai aka yi a kan hanyar mota maimakon fili mai zagaye. Yawan makin ya danganta da tsawon tseren, don haka na Indianapolis ya fi kowane tsoka: maki 1,000 ga wanda ya zo na ɗaya. Tseren farko, a watan Fabrairu, Jimmy Murphy ne ya lashe shi da motar Duesenberg.

Ranar 31 ga watan Mayu aka hallara a Indianapolis. Amurkawa na cikin takaici, domin rabon da motar da aka ƙera a ƙasarsu ta ci wannan tsere tun 1912. Motocin Peugeot da Delage na Faransa da Mercedes ta Jamus ne suka yi ta kwashe kofin. A shekarar an rage girman injin da aka yarda da shi zuwa lita 3, kuma Louis ya ƙera sababbin motoci masu silinda huɗu, wasu da sunan Frontenac, wasu da sunan Monroe, kamfanin da ya ba da kuɗin aikin. Wanda kowa ke sa wa ido shi ne Ralph DePalma, haifaffen Italiya, da motarsa Ballot ƙirar Faransa.

Ranar ta zo wa tawagar Chevrolet da tsanani. Sitiyarin wasu motocinsu ya karye ana cikin gudu, har da ta Louis, wanda dole ya fita. Gaston, tare da makanikensa John Bresnahan, bai yi gaggawa ba. Ya riƙe gudu daidai gwargwado, yana tattalin tayoyinsa. Saura zagaye goma sha ƴan kai daga cikin 200, DePalma na gaba da tazara mai yawa, sai injinsa ya ba da matsala, motar ta tsaya. Gaston ya wuce. Ya kammala cikin fiye da awa biyar da rabi, da matsakaicin gudu na kusan kilomita 143 a awa, kuma shi ne na farko da ya ci wannan tsere ba tare da canza taya ko ɗaya ba. René Thomas na Faransa ya zo na biyu, Tommy Milton na uku, DePalma na biyar. Ladan Gaston ya haura dala 20,000.

Bayan wannan nasara sa'a ta yi masa ƙaranci. Milton, direban da ido ɗaya kawai yake gani da shi, ya ci tseren Tacoma a watan Yuli, DePalma ya ci na Elgin a watan Agusta, shi kuwa Gaston maki 30 kacal ya tara a wajen Indianapolis. Da aka zo tseren ƙarshe yana da maki 1,030, Milton na biye da 930, kuma akwai maki 500 ga wanda zai zo na ɗaya. Kambin bai zama na kowa ba tukuna.

An yi tseren ne ranar 25 ga watan Nuwamba, ranar hutun bikin godiya na Amurkawa, a filin katako na Beverly Hills mai tsawon kilomita 2. A zagaye na 146 daga cikin 200, motar Gaston da ta Eddie O'Donnell suka yi karo suna cikin tsananin gudu. Gaston ya mutu a ranar. Makaniken O'Donnell, Lyall Jolls, shi ma ya rasa ransa, O'Donnell kuma ya cika washegari. Bresnahan ne kaɗai ya tsira daga cikin su huɗun. Ba a dakatar da tseren ba. Roscoe Sarles ya zo na ɗaya, kuma da aka tattara lissafi babu wanda ya kamo Gaston: Milton ya tsaya a 930, Murphy a 885. Aka ba mamaci kambin shekarar.

Ko bayan mutuwarsa kambin bai zauna lafiya ba. A 1951 wani marubucin tarihin tsere, Russ Catlin, ya sake lissafin kakar 1920 a kundin AAA, aka haɗa da wasu tsere da ba sa cikin biyar ɗin asali, sai sunan Milton ya hau sama. Shekaru da dama littattafai suna kiran Milton zakaran 1920. Sai da masu bincike suka koma jaridu da mujallun shekarar, inda teburin maki ya nuna ƙarara cewa tsere biyar aka yi lissafi da su, sannan gaskiya ta yi halinta, aka mayar wa Gaston haƙƙinsa.

Mutuwar ƙanensa ta karya wa Louis zuciya, ya janye daga tuƙin tsere, amma bai daina ƙira ba. A 1921 motar Frontenac ta sake cin Indianapolis, kuma wanda ya tuƙa ta shi ne Tommy Milton. Filin Beverly Hills kuwa an rushe shi a 1924 saboda darajar filaye ta tashi a unguwar. Harkokin Louis sun yi ta rugujewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rasu a 1941 ba shi da wata dukiya, alhali kamfanin da ke ɗauke da sunansa na sayar da motoci a faɗin duniya. An binne shi a maƙabartar Holy Cross and Saint Joseph da ke Indianapolis, inda kabarin Gaston yake.