Giuseppe Fiorelli, mutumin da ya sa doka a aikin tonon tsofaffin gidaje

A filinmu na tarihin mazan jiya, yau mun leƙa ƙasar Italiya domin mu kawo wa masu karatu rayuwar Giuseppe Fiorelli. Shi ne ya raba aikin tonon tsofaffin garuruwa da wawason dukiya, ya mai da shi aiki mai ƙa'ida da lissafi.

An haifi Fiorelli a birnin Napoli ranar 8 ga Yuni, 1823. Ya fara da karatun shari'a, amma hankalinsa ya fi karkata ga nazarin tsofaffin tsabar kuɗi, kuma ta wannan hanya ya samu aiki a wurin tonon garin Pompei. Wannan gari na Rumawa ne, mai kasuwanni da shaguna da gidajen burodi, wanda dutsen Besubiyo ya yi aman wuta ya binne shi da toka a shekara ta 79 miladiyya.

Tun 1748 ake tono a wurin da umarnin sarakunan Napoli, sai dai abin da ake nema shi ne kayan ƙawa. A faɗa gida, a kwashe gumaka, a yanke zanen bango a kai fadar sarki, wani lokaci ma a mayar da ƙasa a rufe ramin. Tukunyar talaka da awon ɗan kasuwa ba su cika damun kowa ba. Wanda ke son ganin wurin kuwa sai ya nemi izini daga fada.

Bayan guguwar siyasa ta 1848, hukuma ta zargi Fiorelli da goyon bayan masu neman sauyi, aka tsare shi a kurkuku na wasu watanni, ya kuma rasa aikinsa. Duk da haka ya ci gaba da tattara tsofaffin rahotannin masu tono, waɗanda daga baya ya buga su. Da mulkin sarakunan ya faɗi a 1860, sabuwar gwamnati ta mayar da shi Pompei, a 1863 kuma ya zama shugaban aikin tonon da gidan tarihi na Napoli.

Nan ne ya kawo tsarin da ya sa muke tunawa da shi. Da farko ya sa aka kwashe tulin ƙasar da magabata suka zubar a tsakanin gidaje. Sannan ya hana shiga gida ta ƙofa daga titi, domin hakan yana sa bene da bango su rufto. Ya ce a fara daga sama, a riƙa ɗebe ƙasa hawa-hawa har a kai daɓe, ta yadda za a ga inda kowane abu yake da yadda ginin ya faɗi. Ya raba garin unguwa-unguwa, ya ba kowane rukunin gidaje lamba, kowace ƙofa lamba, kamar yadda ake yi wa rumfunan kasuwa. Har yanzu da waɗannan lambobi ake kiran gidajen Pompei. Ya tsananta rubuta abin da aka samu kullum a kundin aiki, ya kuma riƙa buga rahoto domin kowa ya gani. Ya buɗe wurin ga duk wanda ya biya kuɗin shiga, kuɗin kuma ya taimaka wajen biyan masu gadi. A 1866 ya kafa makarantar koyon aikin a cikin Pompei.

A Fabrairun 1863 ya yi abin da ya fi ɗaukaka sunansa. Ma'aikata kan ci karo da kogo a cikin daskararriyar toka, inda gawar mutum ta ruɓe ta bar siffarta. Fiorelli ya sa aka kwaɓa farin garin nan da likitoci ke ɗaure karaya da shi, aka ɗura a kogon. Da ya bushe aka fasa tokar, sai ga surar mutanen yadda ajali ya same su, har da alamun tufafi da takalma.

An naɗa shi ɗan majalisar dattawa a 1865, a 1875 kuma aka kira shi Roma ya shugabanci hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa baki ɗaya. Ya ajiye aiki a 1891, ya rasu a Napoli ranar 28 ga Janairu, 1896.

A yau, a ƙasashen Turai da dama, kamfanoni ne ke karɓar kwangilar tono kafin a gina hanya ko gidaje, mai ginin kuma shi ke biya. Wannan tsari ya ƙara ƙarfi bayan yarjejeniyar Baleta ta ƙasar Malta a 1992. Sharuɗɗan da ake gindaya musu su ne lasisi, tono hawa-hawa, lamba, rubutu da miƙa rahoto ga hukuma, kusan duk abin da Fiorelli ya dage a kai.

Mu da ke harka a kasuwannin iyaka abin ya shafe mu. Kayan yumɓun Bura na Nijar da na Nok, Sakkwato da Katsina a Nijeriya sun shiga jan jerin majalisar gidajen tarihi ta duniya a 2000, saboda yawan haƙar su a ɓoye da fitar da su ta kan iyaka. Dokokin ƙasashen biyu sun hana fitar da su ba da izini ba. Tukunyar da aka tono da dare, ba wanda zai ƙara sanin gidan da ta fito ko zamanin mai ita. Saboda haka idan aka kawo mana irin wannan kaya a rumfa, ko aka ce mu ɗora shi a mota, mu nemi takardar hukuma tukuna.