Alekzanda Kobalebski: Masanin da ya gano asalin dabbobi masu ƙashin baya

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, masana suna ɗaukar cewa babu wata dangantaka tsakanin dabbobi masu ƙashin baya da marasa shi. Wanda ya rushe wannan fahimta shi ne Alekzanda Kobalebski, ɗan ƙasar Rasha.

An haife shi a watan Nuwamba na 1840 a kusa da garin Dinabag, wanda yanzu yake cikin ƙasar Latbiya. Ya karanci ilimin dabbobi a Haidelbag ta Jamus, sannan ya nufi gaɓar tekun Napoli a Italiya, inda ya duƙufa wajen nazarin yadda ɗan tayi ke girma.

A 1865 ya gabatar da bincikensa kan amfiyoksas, wata 'yar halitta mai kama da kifi, wadda ke binne jikinta a cikin yashi, ba ta da ƙashi ko ƙoƙon kai.

Shekara guda bayan haka ya fitar da aikin da ya ɗaukaka sunansa. Akwai wata halittar teku mai siffar ƙaramar salka, wadda ke manne wa duwatsu, da ake sanya ta a dangin kawa da dodon koɗi. Kobalebski ya nuna cewa 'ya'yanta suna iyo kamar talibambam, kuma a wutsiyarsu akwai siririyar sanda mai lanƙwasuwa, da jijiyar laka a samanta. Sandar tana ɓacewa idan halittar ta girma.

Irin wannan sanda, da ake kira notokod, ita ce ke bayyana a ɗan tayin kifi da tsuntsu da saniya da ɗan Adam. A jikin mutum, ragowarta tana cikin faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya.

A kan wannan hujja aka haɗa dabbobi masu ƙashin baya da amfiyoksas da waccan halitta cikin babban rukuni guda mai suna Kodata. Darwin ma ya kafa hujja da binciken a littafinsa na 1871.

Kobalebski ya raba lambar yabo ta Baer da abokinsa Iliya Mechnikob a 1867. Ya koyar a jami'o'in Kazan da Kiyeb da Odesa da San Pitasbag, inda ya rasu a watan Nuwamba na 1901.

Nazarin da ya buɗe ya iso Najeriya. A 1955, J. E. Webb na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, mai tazarar 'yan kilomita daga unguwar Sabo, ya bayyana wani sabon jinsin amfiyoksas da ke rayuwa a ruwan Legas, ya raɗa masa suna Branchiostoma nigeriense.