Tunawa da Francis Bebey, ma'aikacin rediyon da ya mai da ɗakinsa sutudiyo

Yau mun waiwayi wani abokin sana'armu da ya rasu sama da shekara 20 ke nan, Francis Bebey na ƙasar Kamaru.

An haife shi a Duwala ran 15 ga Yuli 1929, mahaifinsa fasto ne. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, ya yi aikin jarida a rediyo, sannan a 1961 ya shiga UNESCO a birnin Paris, har ya shugabanci sashen kiɗa. Marubuci ne kuma. Littafinsa Le Fils d'Agatha Moudio ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1968.

To, a 1974, yana da shekara 45, ga albashi ga ofis, sai ya ajiye aikin ya koma kiɗa ɗungurungum. Abin da ke cin ransa shi ne yadda ake kallon kiɗan Afirka kamar kayan tarihi, a ajiye, kar a taɓa. Ya gyara ɗaki guda a gidansa na Paris, ya zuba na'urori: fiyano mai aiki da lantarki, da na'urar da ke buga ganga da kanta, da rakoda. Shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ke ɗauka. Sai ya ɗauki gita, ya dawo ya ɗora murya a kai, ya ƙara sanza, wato ɗan akwatin nan mai ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, da sarewar mutanen dajin tsakiyar Afirka mai murya ɗaya tak. In ka ji, sai ka rantse mutum goma ne. Faya-fayan kuma kamfaninsa na kansa, Ozileka, ke fitar da su, bai jira kowa ba.

Dattawanmu da suka riƙe rediyo a wancan zamani za su tuna La condition masculine, waƙar barkwancin nan ta maigidan da ke kukan matarsa ta waye, ta daina jin maganarsa.

Ya rasu a Paris ran 28 ga Mayu 2001. Bayan shekara 11 wani kamfanin Faransa, Born Bad, ya tattara kiɗansa na lantarki ya sake fitarwa, matasan Turai suka yi caa a kai. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta sa sarewarsa ta The Coffee Cola Song cikin waƙarta, ɗansa Patrick ne ya busa.

Mu ma nan Yamai muna da irinsa. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan fiyanonsa a gidan rediyon ƙasa a 1978, mun daɗe muna jin sa tsakanin shirye-shirye ba mu san darajarsa ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013.

Don haka in akwai tsofaffin kaset a akwatin baba ko kaka, don Allah kar a bar wa zafi da gara, kar a ba yara su warware zaren. A adana su a inuwa, a nemi mai kwamfuta ya juye su tun suna magana.