Lorenz Hiltner: Masanin da ya gano masu tsaron saiwar shuka

An haifi Lorenz Hiltner a shekara ta 1862 a garin Neumarkt na ƙasar Jamus. Ya yi karatun ilimin tsirrai, sannan ya kama aiki a wata tashar binciken noma da ke garin Tharandt, a ƙarƙashin wani babban malami mai suna Friedrich Nobbe.

Duk manomin Dogon Dutsi ko Tibiri da ya taɓa tumɓuke wake ko gujiya ya ga wasu ƴan ƙuraje a jikin saiwarsu. Irin waɗannan ƙuraje ne Hiltner ya yi nazari a kansu. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana kiran su bakteriya. Suna ɗaukar sinadarin naitirojin daga iska, su mayar da shi abincin shuka. A shekara ta 1896, shi da Nobbe suka fitar da Nitragin, wato ƙwayoyin da aka raina domin a gauraya su da iri kafin shuka.

A shekara ta 1902 aka naɗa shi shugaban cibiyar binciken noma a birnin Munik. A shekara ta 1904 ya bayyana babban abin da ake tunawa da shi. Ya nuna cewa saiwa tana fitar da abinci a cikin ƙasar da ke kewaye da ita, bakteriya kuma suna taruwa a wurin. Masu amfani daga cikinsu suna cika wurin, su hana masu kawo cuta samun mazauni. Saboda haka, lafiyar shuka ta dogara da waɗanda suke zaune a gindinta.

Hiltner ya rasu a Munik a shekara ta 1923. Binciken da aka yi bayansa ya gaskata shi. A yau ana sarrafa wasu bakteriya, kamar Bacillus, a shafa wa iri domin kare shi daga cututtukan cikin ƙasa.

Abin lura ga manomi: waɗannan ƙwayoyi suna buƙatar abinci. Takin gargajiya da ragowar kara suna ciyar da su, ƙona gona kuwa yana rage musu abinci. Idan wakenku ya fara fure, ku tumɓuke ɗaya, ku fasa ƙurjin saiwarsa. Idan cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin suna aikinsu.