Tunawa da Marigayi Alhaji (Dakta) Mamman Shata Katsina

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da ranar da malaminmu na Hausa ya shigo aji riƙe da rikoda ya sa mana kasat ɗin Shata ba. Mu muka ɗauka hutu muka samu, muna ta kaɗa kai. Da waƙa ta ƙare sai ya ce kowa ya fito da takarda ya rubuta jigonta da salonta, nan fa ido ya raina fata. Tun daga ranar na san waƙar baka ilmi ce, shi ya sa na ga ya dace in ɗan waiwayi rayuwar wannan bawan Allah.

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa ta Jihar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin roƙo, kuma ba gadon gidansu ba ne. Shata ya yi karatun allo, ya taɓa tallan goro da alewa, amma waƙar dandali ita ta rinjaye shi. Ya zauna a Bakori, daga baya ya yi zaman Kano da Funtuwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran manyan mawaƙa shi ne bai zama makaɗin fadar kowa ba. Irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo a fada suka tashi, kowanne da ubangidansa. Shi kuwa Shata ya ɗauki kalangu, wanda aka fi sani da kiɗan mahauta da na 'yanmata, ya shiga da shi ko'ina. Ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, haka kuma ya waƙe direbobi da 'yan kasuwa da manoma da mata. Ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Ba ya rubutawa, ba ya zaman shiri. A gaban jama'a yake ƙirƙira, makaɗa na kiɗa, 'yan amshi na maimaita layi guda, shi kuma yana zuba baituka. Wanda ya saɓa masa kuwa ya sha zambo, komai girmansa. A Bakandamiyarsa ya yi wa kansa kirari son ransa.

Mutumin da bai zauna a aji irin namu ba, shi ne Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Allah ya yi masa rasuwa a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura.

Abin da ya dame ni shi ne, kwanan baya na sa waƙarsa a mota, sai ɗana ya tambaye ni ko wane tsoho ne wannan. Laifin ba na yaron ba ne, namu ne. Shata bai bar littafi ba, muryarsa kawai ya bari, kasat-kasat ɗin iyayenmu kuwa suna can cikin akwati suna lalacewa. Don haka nake roƙon ƙungiyarmu, a taronmu mai zuwa, mu tattara waɗanda muke da su, mu juye su a kwamfuta, mu haɗa da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, mu miƙa wa laburaren makarantarmu. Ni na ɗauki nauyin kofi biyar na littafin.

Allah ya jiƙan Alhaji Shata, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.